Waƙoƙin gargajiya: Wa ke da su, wa ke cin kuɗinsu?

A watan Yulin 2024 wata tsohuwar waƙar Ibo da aka ɗauka a faifai tun 1983 ta mamaye wayoyin 'yan Najeriya. Ɗan barkwanci Brain Jotter ne ya ɗora ta a kan wani gajeren bidiyo na rawa, kafin a ankara sai ga 'yan fim da 'yan ƙwallo da ɗalibai suna kwaikwayon rawar a TikTok da Instagram.

Mai waƙar, Mike Ejeagha, dattijo ne ɗan jihar Enugu da ya haura shekara 90 a lokacin. Brain Jotter ya je har gida ya gaishe shi, ya kuma ba shi kyautar naira miliyan 2. Ejeagha ya rasu a watan Yunin 2025 yana da shekara 95.

Jama'a sun yaba da kyautar. Sai dai kyauta daban, haƙƙi daban. Labarin da ke cikin waƙar tatsuniya ce ta kunkuru da giwa, irin wadda kakanni ke ba jikoki. Tsarin waƙar da kiɗan jita da muryar na Ejeagha ne. Faifan kuma kamfanin Premier ne ya fitar da shi. Idan kuɗi suka shigo, aljihun wa ya kamata su faɗa?

Wannan tambaya na nan tana jiran masu waƙar Hausa. A situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos ana ɗauko amshin waƙar gaɗa ko salon kiɗan ƙwarya, a ɗora a kan fiyano, a saki a YouTube da Audiomack. Da zarar an ce waƙa "ta gargajiya ce", sai kowa ya ɗauka ba ta da mai ita. Tarihi ya nuna cewa wannan kalma ita ce ƙofar da aka sha bi ana kwashe gumin mawaƙan Afirka.

Abu uku a cikin waƙa ɗaya

Doka na kallon waƙa hawa-hawa. Hawa na farko shi ne tushe: kari ko amshi ko labari da al'umma ta gada, wanda ba a san wanda ya fara shi ba. Waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa da na reno da na tashe duk a nan suke.

Hawa na biyu shi ne abin da wani sanannen mutum ya ƙirƙira, ko da a kan wancan tushe ya gina: sababbin baituka, sabon tsari, sabon kari. A Najeriya haƙƙin wannan na mai shi ne tsawon rayuwarsa, sannan na magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa.

Hawa na uku shi ne ɗaukar sautin kanta, wato abin da ke cikin faifai ko kaset ko fayil ɗin waya. Wannan yana da nasa haƙƙin na shekara 50, kuma sau da yawa yarjejeniya kan miƙa shi ga kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin.

Ke nan mawaƙin zamani zai iya rera tsohon amshin gaɗa da muryarsa ba tare da ya taɓa haƙƙin wani mutum guda ba. Amma idan ya yanko sautin kalangu daga kaset ɗin wani ya liƙa a waƙarsa, ya shiga gonar da ke da mai ita.

Shata ba kayan tsintuwa ba ne

A bakin Bahaushe, "mawaƙin gargajiya" na nufin wanda ke amfani da kalangu ko kotso ko taushi ko kuntigi ko gurmi. A bakin doka kuwa, kayan gargajiya su ne waɗanda al'umma ta gada a dunƙule. Haɗa ma'anonin nan biyu shi ne babban kuskuren da ake yi.

Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka haƙƙin waƙoƙin da ya ƙirƙira na nan har ƙarshen 2069. Na Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, zai kai 2061. Na Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, zai kai 2083. Na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sai 2085. Dukkansu an san su, an san iyalansu. Waƙoƙinsu dukiyar gado ce kamar gida ko gona.

Sai dai tantance iyakar wannan gona ba abu ne mai sauƙi ba. Kiɗan ƙwarya ya girmi Barmani, mata ne suka daɗe suna yin sa a cikin gidaje lokacin biki da suna. A kiɗan fada kuma, sana'ar gado ce: ɗa kan tashi a matsayin ɗan amshin ubansa, ya gaji kayan kiɗa da salo da wasu waƙoƙin. 'Yan amshi ma ba maimaitawa kawai suke yi ba, sukan ƙarasa baiti, su ƙara nasu. Dokar da aka gina a kan mawallafi guda da takardarsa da alƙalaminsa ba ta zauna daidai a kan irin wannan aikin gayya ba.

Akwai kuma bambancin yadda ake biya. A da, makaɗi kan samu ladansa a wurin wasa: riga, doki, mota, kujerar Makka. Wanda ya kwafi kaset ya yaɗa, talla ya yi masa. Yau kuwa kwafin ne ke kawo kuɗi, duk sauraro ɗaya a intanet na da ɗan abin da yake jawowa. Iyalai da dama sun gaji waƙoƙi daga zamanin kyauta, ga su a zamanin lissafi ba tare da takarda ko guda ba.

Sule goma na Solomon Linda

Babu labarin da ya fi fito da haɗarin kalmar "gargajiya" kamar na Solomon Linda, ɗan ƙabilar Zulu a Afirka ta Kudu. A 1939 shi da ƙungiyarsa ta Evening Birds suka ɗauki waƙar "Mbube", wato zaki, a situdiyon kamfanin Gallo da ke Johannesburg. Rahotanni sun ce sule goma aka ba shi, kamfani ya riƙe haƙƙin.

Faifan ya tsallaka zuwa Amurka, inda mawaƙi Pete Seeger da ƙungiyar Weavers suka sake rera waƙar a farkon shekarun 1950 da sunan "Wimoweh". An ɗauke ta a matsayin waƙar gargajiyar Zulu, aka rubuta sunan "Paul Campbell" a gurbin mawallafi. Babu wani mutum mai wannan suna a cikin aikin. Sunan aro ne da ake amfani da shi don karɓar kuɗin waƙoƙin da aka ce ba su da mai su.

A 1961 aka ƙara mata baitukan Turanci ta koma "The Lion Sleeps Tonight", ƙungiyar Tokens ta kai ta matsayi na ɗaya a Amurka. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A 1994 kamfanin Disney ya saka waƙar a fim ɗin The Lion King.

Sai a shekara ta 2000 ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone, inda ya ƙiyasta cewa waƙar ta samar da kusan dala miliyan 15. A 2004 aka shigar da ƙara a madadin magadan Linda. Lauyoyinsu sun dogara da wata tsohuwar dokar Birtaniya ta 1911, wadda ta ce haƙƙin da mawallafi ya sayar kan koma hannun magadansa shekara 25 bayan rasuwarsa. A Fabrairun 2006 aka yi sulhu, aka amince da biyan iyalin, aka kuma sanya sunan Linda cikin mawallafan waƙar.

Shekara 67 ke nan tsakanin ɗaukar waƙar da amincewa da mai ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin lura shi ne Linda ya gina waƙarsa ne a kan salon rerawar Zulu, kamar yadda Shata ya gina nasa a kan kiɗan kalangu. Salon na kowa ne, waƙar tasa ce.

Zangalewa: wanda ya riga ɗauka

Labarin maƙwabciyarmu Kamaru ya nuna ɗaya fuskar. A 1986 ƙungiyar Golden Sounds, wadda 'ya'yanta dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa ne, ta fitar da "Zangalewa". Waƙar ta zagaye Afirka, har yaran makaranta a Najeriya suna rera ta a fagen maci.

A 2010 mawaƙiya Shakira ta yi amfani da amshinta a "Waka Waka", waƙar gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu. Bayan ƙorafi ya yi yawa aka sasanta da 'yan Golden Sounds, aka biya su.

To amma tushen Zangalewa waƙar maci ce da sojoji ke rerawa tun kafin 1986. Golden Sounds sun tsara ta, sun ɗauke ta, sun ba ta sabuwar rayuwa, kuma sun cancanci ladan hakan. Tsofaffin sojojin da suka fara rera ta kuwa babu wanda ya san sunayensu. A kasuwar waƙa ta duniya, wanda ya fara sanya abu a faifai da sunansa shi ake gani, wanda ya fara rerawa sai dai Allah Ya saka masa.

Me dokar Najeriya ta ce?

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, ta ware wa kayan gargajiya sashe na musamman, kamar yadda dokar da ta gabace ta ta yi. Ta ambaci waƙoƙin gargajiya da kiɗa da raye-raye da tatsuniyoyi da ka-cici-ka-cici da sana'o'in hannu.

Dokar ta hana kwafa ko watsawa ko sauya fasalin waɗannan abubuwa ba tare da izini ba a yanayi biyu: idan don kasuwanci ne, ko kuma idan an fitar da su daga muhallin da al'ada ta tanadar musu. Wannan na biyun ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a kaɗa su ko busa su ga kowa. Taken sarauta ma na mai riƙe da ita ne.

Amma akwai rangwame. Ana iya amfani da su wajen koyarwa ko a cikin gida. Mawaƙi ma zai iya aro daga gargajiya don ƙirƙirar sabon aiki nasa, matuƙar aron bai wuce kima ba. Dokar ta kuma buƙaci a ambaci al'umma ko wurin da aka ɗauko abin.

Wurin da gizo ke saƙa shi ne wanda ke ba da izinin. Dokar ta damƙa wannan iko a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Ba masarauta ba, ba sarkin makaɗa ba, ba matan ƙauyen da suka raya waƙar ba. Idan wani kamfanin waje ya biya don amfani da amshin daɓe, kuɗin hukuma za su nufa, ba zauren garin da aka ɗauko shi ba.

Sannan dokar ba ta ja layi ƙarara tsakanin "aro" da "kwasa" ba. Amshi guda aro ne? Amshi da kari da kiɗa fa? Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka, ita za ta raba gardama, amma kai ƙara can na buƙatar lauya da kuɗi da haƙurin shekaru, abubuwan da makaɗin ƙauye ba ya da su.

Akwai kuma sharaɗin ɗauka. Kafin doka ta kare waƙa a matsayin ta wani, sai an adana ta a rubuce ko a naɗe. Matar da ta ƙirƙiri sabon baiti a wurin biki ba ta da hujja a hannu, saurayin da ya ɗauke ta da waya shi ke da fayil. Gaskiya ne doka ta ba mai wasa ikon hana a ɗauki wasansa ba da yardarsa ba, amma mutum nawa suka san da wannan?

Gwajin da Ghana ta yi

Wasu na ganin mafita ita ce gwamnati ta tsaurara, ta karɓi kuɗi daga duk wanda ya taɓa gargajiya. Ghana ta gwada hakan.

A 1990 mawaƙin Amurka Paul Simon ya fitar da waƙar "Spirit Voices", wadda ya gina a kan karin "Yaa Amponsah", tsohuwar waƙar jita da ƙungiyar Kumasi Trio ta ɗauka a faifai a 1928. Simon ya biya kuɗi ga hukumomin Ghana, kuɗin suka taimaka wajen tsayar da hukumar kula da kayan gargajiya ta ƙasar.

Dokar Ghana ta 2005 ta ɗora haƙƙin kayan gargajiya a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, har abada. Ta kuma wajabta neman izini da biyan kuɗi kafin a yi kasuwanci da su, ba ta ware ɗan ƙasa ba. Masana irin su Farfesa John Collins, wanda ya daɗe yana nazarin kiɗan Ghana, sun soki matakin, suna ganin haraji ne a kan mutum don ya yi amfani da gadon kakanninsa, kuma zai tura matasa su rungumi kiɗan waje da ba a tambayar su komai a kai.

Wannan gargaɗi ya shafi Arewa kai tsaye. Waƙar gargajiya da aro take rayuwa. Kowane zamani kan karɓi amshi, ya sauya baiti, ya miƙa gaba. Idan aka ce matashin da ke son saka gurmi ko amshin tashe a waƙarsa sai ya cike takarda a Abuja, zai bar su ya koma kan karin waƙoƙin Indiya, wanda dama masana'antar fim ta daɗe tana ara.

Katsina ko Maraɗi?

A matakin duniya ma zancen bai kammala ba. Tun 1967 aka saka wani sashe a Yarjejeniyar Berne da ya ba ƙasashe damar naɗa hukumar da za ta tsaya wa ayyukan da ba a san mawallafinsu ba. A shekara ta 2000 hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamiti kan ilimin gargajiya da al'adu. A Mayun 2024 aka cimma yarjejeniya kan albarkatun halittu da ilimin gargajiyar da ke tattare da su, amma waƙa da rawa ba su shiga ciki ba.

Ga Hausawa akwai ƙarin sarƙaƙiya. Waƙar gaɗar da ake yi a Katsina ita ake yi a Maraɗi, wadda ake yi a Daura ita ake yi a Damagaram. Najeriya na da hukumarta, Nijar na da ofishinta na BNDA, tana kuma cikin ƙungiyar OAPI da ke aiki da Yarjejeniyar Bangui ta 1977 tare da Kamaru da Chadi. Idan aka zo neman izinin amshi guda, wace ƙasa ce za ta ce nata ne? Iyakar da Turawa suka shata ba ta raba dandali ba.

Na'ura ba ta tambayar asali

Yayin da ake wannan muhawara, intanet ta riga ta yi nata hukuncin. YouTube na da tsarin Content ID: mai haƙƙi kan miƙa kwafin sautinsa, na'ura ta riƙa kwatanta shi da duk bidiyon da aka ɗora. Idan ta samu daidaito, mai haƙƙin ya zaɓa: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi ya riƙa karɓar kuɗin talla.

Ƙa'ida ta ce sai wanda ke da cikakken haƙƙi ne zai miƙa sauti. Amma na'urar sauti take ji, ba ta san tarihi ba. Wanda ya samu tsohon kaset, ya mayar da shi fayil, ya bi ta kamfanonin rarraba waƙa ya saka a Spotify ko Boomplay da sunan shafinsa, shi tsarin zai fara gani a matsayin mai kaya har sai wani ya yi ƙorafi. "Paul Campbell" na wannan zamani ba ya buƙatar ofis a Amurka, waya da data sun ishe shi.

Dokar 2022 ta buɗe hanyar rubuta wa masu shafuka takardar neman a sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. Sai dai mai rubuta takardar dole ya nuna shi wane ne, da kuma hujjarsa.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mataki na farko na iyalan makaɗa ne: su tattara jerin waƙoƙin mahaifansu, da shekarar da aka ɗauka, da wurin da aka ɗauka, su kuma amince da mutum guda da zai yi magana da yawunsu. Haƙƙin mallaka ba ya jiran rajista kafin ya tabbata, amma rajista a hukumar kan zama hujja ranar da aka je gaban alƙali. Shiga ƙungiyar karɓar kuɗin mawaƙa irin MCSN shi ke sa a san inda za a aika kason mutum.

Na biyu na gidajen rediyo da jami'o'i ne. Rediyon Tarayya na Kaduna da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo na riƙe da tarin kaset da rubuce-rubuce. Kundin da zai nuna wace waƙa ce ta wane, wacce ce ta dandali, shi ne shaidar da iyalin Linda suka yi shekaru suna nema.

Na uku na mawaƙan zamani ne. Ambaton tushe ba ya cin ko sisi: a rubuta a ƙarƙashin bidiyo cewa amshin daga waƙar daɓe ta yanki kaza yake, ko kuma karin na wane ne. Idan mai waƙar sananne ne, a nemi magadansa a rubuta yarjejeniya, domin doka ba ta amincewa da sayar da haƙƙi da fatar baki. Kyautar da aka kai gida bayan waƙa ta yi tashe karamci ne, amma ba ta maye gurbin kaso.

Na ƙarshe na hukuma ne: ta sassauta wa ɗan gida mai ginawa a kan gadonsa, ta sa ido kan manyan kamfanoni, ta kuma fayyace yadda abin da aka karɓa zai koma ga al'ummar da ta raya waƙar.

Haƙƙin waƙoƙin Shata zai ƙare a 2069, na Ɗanmaraya a 2085. Daga nan za su zama na kowa, kuma haka doka ta tsara. Kafin lokacin, duk wanda ya ce "ai ta gargajiya ce" ya kamata a tambaye shi abu biyu: daga bakin wa ka ji ta, kuma asusun wa kuɗin ke shiga?